Tukunya Ta Tumbatsa, Gona Ta Bushe: Bikin Pongal da Fim ɗin Manomin Ƙarshe

Gabatarwa

A jihar Tamil Nadu da ke kudancin ƙasar Indiya, akwai kwana uku a jere a tsakiyar watan Janairu waɗanda gwamnati take ba da hutu a cikinsu. Ranar farko ita ce Pongal, ta biyu ta tunawa ce da mawaƙi Tiruvalluvar, ta uku kuwa sunanta Uzhavar Tirunal, wato ranar manoma. Ba kowace al'umma ce ta keɓe wa mai riƙe da garma rana sukutum a kalandar hukuma ba, saboda haka Tamilawa sun cancanci yabo a kan wannan. Sai dai yabon manomi abu ne mai araha, kuma kowa ya iya shi, tun daga ɗan siyasa har zuwa mai tallar takin zamani. Abin da ya kamata a bincika shi ne ko wannan girmamawa tana isa gona, ko kuwa a dandalin biki take tsayawa. Wani fim na harshen Tamil mai suna Kadaisi Vivasayi, ma'ana Manomin Ƙarshe, wanda M. Manikandan ya shirya kuma aka fara nuna shi a gidajen sinima a watan Fabrairu na 2022, ya ɗora wannan tambaya a kan sikeli. Wannan maƙala za ta auna fim ɗin da bikin, ta kuma auna bikin da fim ɗin.

Yadda bikin yake

Kalmar pongal a harshen Tamil tana nufin tafasa har a malalo. Bikin yana ɗaukar kwana huɗu, kuma yana zuwa ne a kakar shinkafar da ake kira samba, wadda ake shukawa wajajen watan Agusta a girbe ta a Janairu. Ranar jajibiri, Bogi, ana share gidaje, a shafe bango da farar ƙasa, a ƙone tsofaffin tabarmi da tsummoki. Washegari ita ce ɗaya ga watan Tai na kalandar Tamil, wadda take faɗowa 14 ko 15 ga Janairu. Da hantsi ake kafa murhu a tsakar gida ko a ƙofar gida, inda rana za ta haska, a aza sabuwar tukunyar ƙasa da aka ɗaura wa tsiron gangamau a wuya, a jingina karan rake a gefe. Ana zuba madara da sabuwar shinkafa da mazarƙwaila, kowa ya zuba wa tukunya ido. Da zarar kumfa ta hau ta malalo, sai yara da manya su ɗauki sowa suna kiran sunan bikin. Kason farko na rana ne, wadda a addinin Hindu ake yi wa godiya a kan amfanin gona, sannan a raba wa iyali da maƙwabta.

Kwana na uku na shanu ne, Mattu Pongal. Ana wanke shanun huɗa, a shafa musu launi a ƙaho, a rataya musu furanni da ƙararrawa, a ba su irin abincin da mutane suka ci, kuma ranar ba a ɗora musu karkiya. Kwana na huɗu, Kanum Pongal, na ziyara ne da gaishe da manya, kuma shi ne ya yi daidai da ranar manoma ta hukuma. Wanda ya lura da wannan tsari zai ga cewa godiya ce ake bi da ita daki-daki: rana, shanu, mutane. Babu wani sarki ko jarumin yaƙi da ake tunawa da shi. Wannan ne ya sa jagororin siyasar Dravida suka rungumi Pongal a ƙarni na 20 a matsayin bikin Tamilawa baki ɗaya, wanda ya wuce iyakar addini da ta asali. Har ma gwamnatin M. Karunanidhi ta mai da ɗaya ga watan Tai sabuwar shekarar Tamil a 2008, kafin gwamnatin J. Jayalalithaa ta soke wannan doka a 2011.

Tushen girmamawar a adabi

Ba banza ba aka jera ranar Tiruvalluvar da ranar manoma. Littafinsa, Tirukkural, wanda ya daɗe da haura shekara dubu, yana da babi 133, kowane babi da baiti 10, jimla 1,330. Babi na 104 kacokan a kan noma yake. Abin sha'awa a wannan babi shi ne yadda ya kasu. Baitocin farko suna ɗaukaka mai huɗa a kan sauran masu sana'a, na baya kuwa sun gangaro ƙasa, suna magana a kan shanya ƙasar da aka huɗe, da zuba taki, da cire ciyawa, da ban ruwa, da gadin amfani, da wajibcin mai gona ya riƙa taka gonarsa da ƙafarsa. Wato a wajen wannan mawaƙi, yabon manomi da sanin aikinsa tafiyarsu ɗaya. Wanda bai san abin da ake yi wa ƙasa bayan huɗa ba, kirarinsa ga manomi romon baka ne. Wannan ma'auni na tsohon adabin Tamil shi ne ya fi dacewa a auna fina-finan yau da shi.

Manomi a majigin Tamil

Lokacin Pongal kasuwa ce babba ga masana'antar fim ta birnin Cennai, domin a makon ne ake sakin fina-finan manyan taurari. A cikin shekarun da suka biyo bayan 2010 kuma, manomi ya zama jigo mai kawo kuɗi. A Kaththi na A. R. Murugadoss (2014), jarumi Vijay yana kare ƙauye daga wani kamfani mai neman ƙasarsu da ruwansu, kuma ƙololuwar fim ɗin doguwar huɗuba ce a gaban ƴan jarida. A Bhoomi, wanda aka saki a ranar Pongal ta 2021, masanin sararin samaniya ne ya baro Amurka ya dawo gida ya ceci manoma. Irin waɗannan fina-finai sun jawo hankalin matasan birni zuwa ga ƙauye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tsarinsu iri ɗaya ne: manomi yana kuka a bayan fage, wani ɗan birni mai ƙarfi ko mai ilimin boko yana magana da yawunsa. Ana jin sunan noma daga farko har ƙarshe, amma da wuya mai kallo ya fito ya ƙaru da sanin yadda ake dasa shinkafa.

Labarin Manomin Ƙarshe

Manikandan ɗan yankin Usilampatti ne, kusa da Madurai, kuma ya yi suna tun da fim ɗinsa Kaaka Muttai, labarin wasu yara biyu na unguwar talakawa a Cennai. A Kadaisi Vivasayi shi ne marubuci, shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma mai ɗaukar hoto. Shawararsa mafi girma ita ce ba wa wani manomi na gaske, dattijo mai suna Nallandi wanda bai taɓa yin fim ba, matsayin jarumi. Taurarin da jama'a suka sani, Vijay Sethupathi da Yogi Babu, sai aka ajiye su a gefe. Nallandi ya rasu kafin fim ɗin ya fito. A 2023, a zagaye na 69 na kyaututtukan fina-finai na ƙasar Indiya, an zaɓi fim ɗin a matsayin gwarzon fina-finan Tamil, aka kuma karrama marigayin da ambato na musamman.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Mayandi tsoho ne da ya haura tamanin, yana zaune shi kaɗai da shanunsa da kajinsa. Mutanen garin sun sayar da gonakinsu ga dillalan fili, shi kaɗai ya ƙi. Wata rana tsawa ta faɗa wa babbar bishiyar garin, dattawa suka ɗauki abin a matsayin gargaɗi, domin an daɗe ba a yi wa abin bautar kakanni biki ba. Bikin kuwa ba ya yiwuwa sai da hatsin da aka noma a ƙasar garin, ga shi babu mai noma sai Mayandi. Ya karɓi aikin, ya shuka shinkafa. Ana cikin haka ya tarar da ɗawisu sun mutu a gonarsa, ya tona rami ya binne su saboda tausayi. Ɗawisu tsuntsun ƙasa ne a Indiya, dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta kashe shi. Aka kai ƙararsa cewa shi ya kashe su, aka tsare shi a gidan kaso.

Bikin da ke cikin fim ɗin ba Pongal na watan Tai ba ne, bikin abin bautar gari ne. Amma ginshiƙinsu ɗaya: godiya ba ta karɓuwa sai da sabon hatsi, sabon hatsi kuwa sai da wanda ya duƙa. Da wannan dabara Manikandan ya juya al'adar ta fuskanci masu yin ta. Garin da ya sayar da gonakinsa yana son ya yi bikin amfanin gona, sai ya tarar ba shi da amfanin da zai kai. Shinkafar kasuwa tana cika ciki, amma ba ta cika wannan sharaɗi.

Inda fim ɗin ya yi zarra

Ƙarfin fim ɗin yana cikin haƙurinsa. Kyamara tana tsayawa a kan hannun tsoho yana zaɓen iri, yana gyara kunya, yana buɗe wa ruwa hanya, yana kula da dabbobinsa, kuma ba a hanzarta ko ɗaya daga ciki don gudun kada mai kallo ya gaji. Nallandi ba ya kwaikwayon manomi, jikinsa ne ya san aikin, kuma ana ganin haka a yadda yake taka laka da yadda yake riƙe fartanya. Ba a sa masa huɗuba a baki ba. Kunnensa ya yi nauyi, maganarsa kaɗan ce, mafi yawanta tambaya ce. A shagon sayar da iri, da aka nuna masa irin tumatir na zamani wanda ba a ajiye ƴaƴansa a sake shukawa, mamakinsa da ƴar baƙar maganar da ya yi sun isar da abin da wani fim zai ɓata minti goma yana bayani.

Fage mafi daraja shi ne na kotu. Mai shari'a, wata matashiya, ta gane tun da wuri cewa tsohon ba shi da laifi, amma takardu sun riga sun shiga, kuma ƙa'ida ba ta barin a sallame shi nan take. Shi kuwa Mayandi bai damu da sunansa ko da ƴancinsa ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne shukarsa tana bukatar ruwa, kuma yana neman a bar shi ya je ya dawo. A nan agogo biyu suka yi karo: na hukuma mai lissafin kwanakin tsarewa, da na shinkafa wadda ba ta san ɗage zama ba. Mai shari'a ta umarci ɗan sandan da ke da hannu a kamun ya riƙa zuwa yana ba gonar ruwa. Mai kallo zai yi dariya ganin mai kaki a cikin taɓo, amma bayan dariyar akwai magana mai nauyi: hukumar da take ba da hutun ranar manoma ita ce kuma ba ta da gurbi a takardunta na cewa shuka tana mutuwa. A gidan kaso ma tsohon bai daina sana'arsa ba, domin ya koya wa wani saurayi ɗan fursuna yadda ake rainon tsiro. Ilimin noma a wannan fim abu ne da ake miƙawa hannu da hannu, kuma fargabar da ke ƙarƙashin labarin ita ce ranar da za a rasa hannun karɓa.

Sauran mutanen labarin madubai ne. Yogi Babu yana fitowa a matsayin wanda ya sayar da gonarsa ya sayi giwa yana yawon neman kuɗi da ita, hoton da ya haɗa ban dariya da ban tausayi. Vijay Sethupathi kuwa Ramaiah ne, mutumin da rasuwar masoyiyarsa ta raba shi da hankalin duniya, yana yawo tsakanin wuraren bautar Murugan. Tunda ɗawisu shi ne abin hawan Murugan a addinin Hindu, Ramaiah ne yake ɗaure labarin tsuntsayen da na ibada. Idan an auna fim ɗin da ma'aunin Tirukkural, wato yabo tare da sanin aiki, babu shakka ya haye.

Inda ya gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai gyara. Manikandan ya ƙaunaci jaruminsa har ya kusa mai da shi waliyyi. Mayandi ba ya fushi mai ɗorewa, ba ya kwaɗayi, ba shi da ɗiyar da zai aurar ko kuɗin lakwal da zai biya. Saboda haka ƙin sayar da gonarsa ya zo masa da sauƙi, maƙwabtansa da suka sayar kuma suka fito kamar malalata masu zaman gindin bishiya. Alhali manomin da yake rabuwa da gonar gado yawanci bashi ne ko fari ya kore shi. Abin da ya kayar da Mayandi sharrin mutum ne da jan ƙafar kotu, waɗanda mai shari'a mai kirki za ta iya warwarewa. Abin da yake kayar da manoman Tamil Nadu ya fi ƙarfin kirkin mutum ɗaya.

Shekarar 2017 ta isa misali. Damina ta ƙarshen 2016 ta gaza ƙwarai, har gwamnatin jihar ta ayyana fari a watan Janairu na 2017, ana gab da Pongal. A wannan watan ne dubban matasa suka cika bakin tekun Marina a Cennai suna neman a dawo da jallikattu, wasan kama bijimi da ake yi a lokacin bikin a garuruwa irin su Alanganallur da Palamedu, wanda Kotun Ƙoli ta hana a 2014. Hujjarsu tana da tushe, domin wasan yana cikin dalilan da suka sa ake kiwon bijiman gida irin su Kangayam da Pulikulam. Cikin ƴan kwanaki aka gyara doka, wasa ya dawo, kuma Kotun Ƙoli ta amince da gyaran a 2023. Bayan wata biyu, a Maris na 2017, wasu manoman jihar ƙarƙashin jagorancin P. Ayyakannu suka tare a Jantar Mantar da ke birnin Delhi kusan kwana 40, suna neman a yafe basussuka a kuma ba da tallafin fari, amma ba su samu irin wancan taron dangi ba. Alamar noma ta tara jama'a a kwana kaɗan, bashin manomi bai tara ba. Ga kuma rikicin kogin Kaveri tsakanin Tamil Nadu da Karnataka, wanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a Fabrairu na 2018. Shinkafar da ake zubawa a tukunyar Pongal a yankin Tanjavur ta dogara ne da ruwan da ake saki daga madatsar Mettur, wadda bisa al'ada ake buɗewa 12 ga Yuni idan ruwa ya taru. Duk wannan yana wajen fagen fim ɗin.

Gibi na biyu ya fi zurfi, kuma bikin da fim ɗin sun yi tarayya a cikinsa. Wane ne manomin da ake girmamawa? Mayandi mai gona ne. Amma a fadamun shinkafa na Tamil Nadu, kaso mai yawa na dashe da girbi ƴan ƙwadago ne marasa fili suke yin sa, da yawansu Dalit ne, wato waɗanda tsarin asali ya ajiye a ƙasa, kuma dashen shinkafa galibi aikin mata ne. A daren 25 ga Disamba 1968, a ƙauyen Kilvenmani na yankin Tanjavur, an ƙone mutum 44 a cikin bukka ɗaya, mafi yawansu mata da yara, saboda ƴan ƙwadagon gona sun nemi ƙarin lada. Abin ya faru ne a kakar girbi, saura mako uku Pongal. Duk wanda zai yi maganar darajar manomi a wannan ƙasa, wannan dare yana bin sa bashin ambato. Fim ɗin bai ajiye ɗan ƙwadago ko mai dashe a tsakiyar labarinsa ba, saboda haka hoton da ya bayar na noma hoton mutum ɗaya ne da ƙasarsa, ba na jama'a masu rabon wahala da rabon riba ba.

Ƙarshen fim ɗin, inda mutanen gari da ma'aikatan hukuma suka shiga gona tare aka sake dashe har biki ya yiwu, yana sanyaya zuciya. Amma gayya ce ta rana ɗaya. Ba a nuna wanda zai yi huɗar baɗi ba. Sunan fim ɗin ma yana da haɗari, domin kiran mutum na ƙarshe yana iya zama gargaɗi, yana kuma iya zama ta'aziyya tun mai rai yana numfashi. Ɗan birni zai iya zubar da hawaye a sinima, ya fito yana jin ya sauke nauyi.

Kammalawa

Ba za a ce girmamawar Tamilawa ga manomi ta tsaya a baki kawai ba. Kasuwannin Uzhavar Sandhai, inda manomi yake sayar wa mai saye kai tsaye ba tare da dillali ba, an fara su a Madurai a 1999. A 2020 an ayyana yankin bakin Kaveri a matsayin keɓaɓɓen yankin noma, a 2021 kuma jihar ta fara gabatar da kasafin kuɗi na musamman na aikin gona. Mutane irin su G. Nammalvar, wanda ya rasu a 2013, da Nel Jayaraman, wanda ya rasu a 2018, sun ƙarar da rayuwarsu wajen farfaɗo da noma ba tare da guba ba da tattara irin shinkafar gargajiya. Waɗannan su ne ayyukan da suke ba tukunyar Pongal ma'ana, kuma a cikinsu ne fim ɗin Manikandan ya samu dangi.

Masu kallo a Maraɗi da Damagaram da Tawa sun daɗe da sabawa da fina-finan Indiya, amma mafi yawan abin da yake iso su na rawa da waƙa ne da na faɗa. Kadaisi Vivasayi wani iri ne dabam, kuma ya cancanci ƙungiyoyin al'adu su nuna shi, malamai su tattauna shi da ɗalibai. Bahaushe ba baƙo ba ne ga karrama na duƙe, tunda yana naɗa Sarkin Noma, kuma a al'adance ba a ba da wannan sarauta sai ga wanda aka ƙirga dammunansa aka ga ya cika. Saboda haka tambayoyin da fim ɗin ya tayar, da waɗanda ya tsallake, ba za su yi wa ɗalibi wuyar fahimta ba: wa ya noma abin da ke cikin tukunya, gonar wa ce, nawa aka biya shi, kuma ɗansa zai yarda ya gaje shi? Fim ɗin ya amsa ta farko da gwaninta wadda ba a saba gani ba. Sauran ukun suna nan suna jiran wani mai fim, ko wani marubuci, da zai shiga fadama ya tambayi masu dashe.